Daren da Ingila Ta Yi wa Emma Guɗa

A wannan wata za mu yi nisa da gida kaɗan, mu leƙa ƙasar Ingila, mu ga yadda mutanenta suka yi da wata yarinya 'yar shekara 18, Emma Raducanu, wadda ta ciyo musu babban kofin ƙwallon tanis daga Amurka a shekarar 2021. Mun sani yawancinku tanis bai dame ku ba. A wurinmu wasan manyan ma'aikata ne da 'yan kulob, mu kuwa ƙwallon ƙafa muka sani. Duk da haka ku biyo mu, gama 'yan kallo muke so mu duba, da irin murnar da suka yi, da kayan da murnar nan ta ɗora wa yarinyar.

Da fari bari mu bayyana wasan saboda wanda bai taɓa gani ba. Mutum biyu ke tsayawa a fili, da raga a tsakaninsu wadda ba ta wuce ƙugu ba. Kowa yana riƙe da abin bugu mai kama da matankaɗi mai dogon mariƙi, suna mayar wa juna 'yar ƙwallo kamar lemo. Ana raba karawar turmi-turmi, kamar dambe. Galibi wanda ya riga cin ƙananan wasanni 6 shi ke ɗaukar turmi, a wajen mata kuwa wadda ta ɗauki turmi 2 ta gama. Ba a canjin ɗan wasa, ba abokin da zai rufa maka asiri in ka gaji. Kai kaɗai ne, dubban mutane sun zuba maka ido. Manyan gasa 4 ne a shekara: ta Ostareliya, da ta Faransa, da ta Wimbildon a Landan, da ta Amurka a birnin Niyu Yok. A kowace mata 128 ke shiga, wadda aka ka da sau ɗaya ta kama hanyar gida, sai an ci sau 7 a jere kafin a ɗauki kofi.

Turawan Ingila su suka tsara wasan nan yadda ake yinsa a yau, gasar Wimbildon kuma tun 1877 ake yinta, ta girmi sauran duka. Amma sun daɗe suna zaman mai gidan biki, shi ke shimfiɗa tabarma yana tuƙa tuwo, baƙi su ci su tafi har da tukunya. Daga Fred Perry, wanda ya ci Wimbildon a 1936, sai da suka yi shekara 77 suna jira kafin Andy Murray ya ci a 2013. Shi Murray mutumin Sikotilan ne, har aka riƙa yin ba'a cewa in ya ci ɗan Birtaniya ne, in an ci shi ɗan Sikotilan ne. Ku riƙe wannan ba'a, za mu komo kanta.

Wajen mata abin ya fi muni. Virginia Wade ce ta ƙarshe. Ta ci Wimbildon a 1977 a gaban Sarauniya Elizabet, shekarar da Sarauniyar ta cika shekara 25 bisa gadon sarauta. Daga nan shiru. Yaran da aka haifa a shekarar nan sun girma, sun yi aure, sun haifu, wasu har furfura ta fara, ba su taɓa ganin macen ƙasarsu ta ɗaga ɗaya daga kofuna huɗun nan a wasan mutum ɗai-ɗai ba. Wanda ya yi yunwar shekara 44, ran da ya ga akushi kada ka tambaye shi ladabin cin abinci.

An haifi Emma a birnin Toronto na Kanada ran 13 ga Nuwamba 2002. Ubanta mutumin Romaniya ne, uwarta 'yar ƙasar Sin, dukansu ma'aikatan harkar kuɗi. Tana da shekara 2 suka ƙaura zuwa Ingila, suka zauna a Bromley, wata unguwa a kudu maso gabashin Landan. Ta fara tanis tana 'yar shekara 5. Abin da ya burge mu, mu malamai, shi ne iyayen ba su cire ta daga makaranta ba, ko da yake yara da yawa masu irin baiwarta tun da wuri ake raba su da aji. A lokacin annobar korona ta yi fiye da shekara guda ba ta shiga gasar ƙasa da ƙasa ba, tana fama da littattafai a makarantar Newstead Wood. Ta kammala babbar sakandare a 2021, irin wadda muka sani da HSC a da, sakamakonta ya fito da maki mafi girma a lissafi, da A a ilmin tattalin arziki.

Makonni kaɗan bayan ta ajiye alƙalami aka ba ta gurbin alfarma a Wimbildon, watau irin gurbin da masu gasa sukan ba 'yan gida waɗanda matsayinsu bai kai su shiga ba. Ita ce ta 338 a jerin matan duniya. Sai ga ta ta ka da mutum 3 a jere, jaridu suka ɗauka. Ran 5 ga Yuli aka sa wasanta na huɗu da almuru, fili ya cika maƙil, kowa na kiran sunanta. Ana cikin turmi na biyu numfashinta ya sarƙe, jiri ya ɗebe ta, likitoci suka fita da ita, ba ta komo ba. Nan da nan aka fara shari'arta. John McEnroe, tsohon gwanin Amurka da ke sharhi a BBC, ya ce ga alama abin ya fi ƙarfinta. Wani ɗan jarida, Piers Morgan, ya ce ta kasa jimrewa ne ta gudu. Dokin mai baki ya fi gudu. Cikin waɗanda suka tsaya mata har da Marcus Rashford, ɗan ƙwallon ƙafa, wanda ya rubuta cewa shi ma irin haka ta taɓa samunsa yana yaro yana buga wa ƙasarsa.

Kwana 6 bayan haka shi Rashford ɗin ya ɗanɗana tasa. Ran 11 ga Yuli Ingila ta kara da Italiya a wasan ƙarshe na kofin ƙasashen Turai a filin Wembley, aka kai ga bugun daga kai sai mai tsaron gida, samari 3 suka ɓarar: Rashford, da Jadon Sancho, da Bukayo Saka, wanda iyayensa 'yan Nijeriya ne, shekararsa 19 a lokacin. Dukansu baƙaƙen fata ne. A daren nan aka yi ta aika musu zagin launin fata ta intanet, aka kuma ɓata hoton Rashford da aka zana a bango a Manchesta. Gaskiya ne mutanen kirki da yawa sun fito sun rufe ɓarnar da furanni da takardun ƙarfafa zuciya. Amma an riga an ga abin da aka gani. Wata guda cur ana kiransu 'ya'yan ƙasa, bugu ɗaya ya mai da su baƙi.

To, a cikin wannan hali Emma ta tafi Amurka. Matsayinta ya hau zuwa ta 150, amma bai isa ta shiga gasar kai tsaye ba, sai ta bi ta wasannin share fage, inda 'yan baya-baya ke kokawar neman gurbi 16. Ta riga ta yanki tikitin jirgin komawa gida na bayan share fagen, iyayenta ma ba su je ba saboda dokokin tafiya na korona. Ta ci wasa 3 na share fage, na ukun da wata 'yar Masar, Mayar Sherif. Ta shiga gasar sosai, ta ci, ta ci, ta ci. A zagaye na huɗu ta gamu da Shelby Rogers ta Amurka, wadda ta fitar da Ashleigh Barty, ta ɗaya a duniya. Emma ta gama da ita cikin kamar sa'a guda. Sa'an nan Belinda Bencic ta Suwizalan, wadda ba ta daɗe da ciyo lambar zinariya a wasannin Olamfik na Tokyo ba, sa'an nan Maria Sakkari ta Girka. Wasa 9, ba wadda ta karɓi ko turmi ɗaya a hannunta.

Wasan ƙarshe ya faɗo ran Asabar 11 ga Satumba 2021, wata 2 daidai bayan daren Wembley. Abokiyar karawarta ma yarinya ce, Leylah Fernandez ta Kanada, wadda ta cika shekara 19 a cikin makon, ita kuwa sai da ta ka da manya irin su Naomi Osaka da Angelique Kerber da Aryna Sabalenka kafin ta iso. An yi wasan a filin da ake kira Arthur Ashe, mai cin mutum sama da 23,000. Tsofaffinmu za su tuna da Ashe ɗin nan, baƙin Ba'amurke. Yana tsakiyar wasa a Ikko a Fabrairun 1976, kwanakin da aka kashe Janar Murtala, sojoji suka shigo da bindiga suka kore shi daga fili. Shi ya ci kofin maza na Amurka a 1968, shekarar da Virginia Wade ta ci na mata. Ita Wade kuwa tana zaune cikin 'yan kallo a ranar Emma, tsohuwa mai shekara 76, tana jiran ta ga ko za a sauke mata kayan.

A Ingila dare ne, wajen ƙarfe 9. Da ma kamfanin Amazon ke da ikon nuna gasar, sai wanda ya biya kuɗi ke gani. Da aka ga yadda ƙasar ta ɗauki zafi, tashar Channel 4 ta yi ciniki da su cikin gaggawa domin kowa ya kalla kyauta. Masu kallo suka kai miliyan 9.2. Mutanen da ko ƙirga makin tanis ba su iya ba suka zauna gaban talabijin suna tambayar na kusa da su wa ke gaba. A kulob ɗin Parklangley da ke Beckenham, inda ta yi wasa tun tana ƙarama, yara da iyaye suka taru ɗaki ɗaya, ba mai batun barci.

Ta ɗauki turmi na fari 6 da 4. A na biyu tana gaba 5 da 3, saura ƙiris, sai ta zame ta goge gwiwa a ƙasa, jini ya biyo ƙafarta. Doka ta hana wasa da jini yana zuba, aka tsaya aka ɗaure mata. Leylah ta yi ta ƙorafi, gama a daidai nan ita ce ke da damar juya wasan. Aka komo. Emma ta tsare, ta sake tsarewa, sa'an nan ta jefa ƙwallo sama ta kai mata bugu ɗaya wanda Leylah ba ta ko taɓa ba. Sai ta zube rigingine ta rufe fuska da hannu. Sa'a 1 da minti 51 aka yi. Wasa 10, turmi 20, ba ta ba da ko ɗaya ba. Tun da aka buɗe manyan gasannin nan ga masu wasan kuɗi a 1968, a maza da mata duka, ba wanda ya taɓa shigowa ta share fage ya fita da kofi sai ita.

Ba mu ga laifin mutanen Ingila ba da suka yi ihu a daren nan. Yabon gwani ya zama dole. Ku tuna kuma ƙasa ce da ta fito daga shekara ɗaya da rabi na kulle da jana'iza. A 2020 ko Wimbildon ba a yi ba, abin da rabon a gani tun yaƙin duniya na biyu. Kafin gari ya waye Sarauniya ta aika mata da saƙon taya murna, Firayim Minista Boris Johnson ma haka. Aka ba ta dala miliyan 2.5, matsayinta ya tashi daga ta 150 zuwa ta 23.

Sai dangi suka yi yawa. Ɗa na kowa ne, balle in ya yi abin kirki. Mutanen Romaniya suka ce jininsu ce, ga sunan ubanta. Sinawa suka ce tasu ce, ta kuwa yi musu godiya da harshensu. Kanada ta ce a can aka yanke cibiyarta. A Ingila har Nigel Farage, ɗan siyasar da ya yi suna wajen adawa da shigowar baƙi, wanda a 2014 ya ce mutum yana da dalilin damuwa in Romaniyawa suka tare a gidan da ke kusa da nasa, shi ma ya fito ya yaba mata. Mutane suka tuna masa. A nan ne ba'ar Murray ta daina ba mu dariya. Wata 2 ne tsakanin Saka da Emma, dukansu 'ya'yan baƙi, ƙasa ɗaya, wataƙila ma mutane ɗaya ne a gaban talabijin. Bambancinsu, ƙwallon ɗaya ta tafi inda aka aike ta, ta ɗayan mai tsaron gida ya kaɗe. Da gwiwar nan ta hana Emma ƙarasawa, me za a kira ta kashegari? Mun riga mun ji abin da aka kira ta a watan Yuli.

Kamfanoni suka yi layi domin ta yi musu talla: Tiffany masu sarƙoƙi da zobba, Dior masu tufafi da turare, British Airways, Evian masu ruwan kwalba, daga baya Porsche da Vodafone da bankin HSBC. A Disamba 2021 masu kallon BBC suka zaɓe ta gwanar wasanni ta shekara, aka kuma sa ta cikin masu lambar girma ta MBE a jerin sabuwar shekara. Ita kuwa da ta isa gida, labarin da ta bayar shi ne uwarta ta dafa mata abincin Sinawa irin na gida, ta zauna ta sake kallon wasan. Mu a bikin nan duka, wannan ya fi kwanta mana.

Yanzu ga abin da masu guɗa ba su tsaya sun duba ba. Yarinyar da ta ci kofin nan wata 3 kacal ke nan da fara wasa cikin manya, ba ta kuma taɓa cin ko wasa ɗaya a gasannin mako-mako na manyan mata ba. Ai kamar yaron da aka ɗauko daga aji uku ne ya ci jarrabawar aji bakwai. Ya ci, ba mai ƙwace masa, amma karatun aji huɗu da biyar da shida yana nan yana jiransa. Tanis na masu wasan kuɗi aiki ne na wata 10 ko fiye a shekara, yau Ostareliya, jibi ƙasar Larabawa, gata Amurka, daga masauki zuwa masauki, wani fili mai tauri kamar siminti, wani na jar ƙasa, wani na ciyawa. Jiki sai ya yi shekaru yana sabawa, nata kuwa bai saba ba. Har wa yau a makonni ukun nan ba ta gamu da ko ɗaya daga cikin 10 na farko a duniya ba, wasu suka share mata su. Ba mu faɗi haka domin rage mata ba, wanda aka kawo gabanka da shi kake karawa. A lokacin kuma ba wanda ya san salonta. Bayan ta yi suna kowane mai horarwa ya zauna da hotunan wasanninta yana neman inda take da rauni.

Sa'an nan ga yadda ake lissafin matsayi. Kowace gasa tana da maki, babbar gasa 2,000 ga wadda ta ci. Amma makin nan aro ne, mako 52 yake yi a hannunka, ran da shekara ta zagayo a share shi, sai abin da ka sake samu. Saboda haka Emma ta yi shekara guda tana zaune a kan makin mako uku. Har ta kai ta 10 a duniya a Yulin 2022, mutane suna auna ta da mudun ta 10, alhali kuwa 'yar koyo ce. Da ta koma Niyu Yok a Agustan 2022, Alizé Cornet ta Faransa ta fitar da ita a wasan farko, makin ya zube, ta wayi gari tana ta 83. Duniya rawar 'yan mata ce, na gaba ya koma baya.

Ba za mu ce ita da mutanenta ba su da nasu ba. Mako 2 bayan kofin ta rabu da Andrew Richardson, mai horarwar da ya raka ta Amurka, ta ce tana neman wanda ya fi sanin manyan gasa. Cikin shekara 2 ta yi masu horarwa 5. Kowane malami ya san abin da ke samun yaron da ake canja wa makaranta kowane zango. A ganinmu kuskure ne, na manyan da ke kewaye da ita kuwa ya fi nata. Amma abin da mutane suka fi riƙewa shi ne tallace-tallacen nan da aka yi ta alfahari da su jiya. Da su aka juya aka riƙa dukanta: wai ta bar fili ta koma ado, wai kuɗi sun lalata ta, wai da ma sa'a ce. Kowace faɗuwa sai ta zama kanun labarai. A Mayun 2023 aka yi mata aiki a wuyan hannu duka biyu da idon sawu ɗaya, ta yi wajen wata 8 ba ta wasa, ta komo tana wajen ta 300. A shekarar nan ta gaya wa jaridar Sunday Times cewa wani lokaci takan ji da ma ba ta ci kofin nan ba. Yarinya 'yar shekara 20 ke faɗin haka a kan ranar da ƙasarta duka ta kwana tana rawa dominta.

Akwai kuma wani irin masoyi wanda ba a son a yi maganarsa. Watanni kaɗan bayan kofin wani mutum ya nemo gidan iyayenta, ya je har sau 3, yana ajiye furanni da 'yan takardu, har ya ɗauke takalmin ubanta yana tsammani nata ne. Kotu ta same shi da laifi, a Fabrairun 2022 ta hana shi kusantarta har shekara 5. Emma ta shaida wa kotu cewa ko a gidansu hankalinta ba ya kwanciya. A Fabrairun 2025 a Dubai, ana fara wasa ta hango wani mutum dabam cikin 'yan kallo, wanda ya yi ta bin ta daga wannan ƙasa zuwa waccan. Ta je ta laɓe bayan kujerar alƙalin wasa tana kuka, abokiyar karawarta Karolina Muchova ta zo tana rarrashinta. Aka fitar da mutumin, ta share hawaye ta ƙarasa wasan. Ba mu ce masu guɗar daren Satumba su suka aiko waɗannan ba. Amma sa'ad da mutum miliyan 9 suka ce yarinya tasu ce, ba a rasa ɗaya ko biyu da za su ɗauki maganar da gaske.

Ingila ba ta rasa gargaɗi ba. Laura Robson ta ci kofin yara na Wimbildon a 2008 tana 'yar shekara 14, aka yi mata irin wannan guɗa, aka sa mata ran gadon Wade. Ciwon wuyan hannu da na ƙugu suka cinye ta, ta bar wasa a 2022 tana da shekara 28. Kakanninmu sun ce ba a yabon ɗan kuturu sai ya shekara arba'in da yatsa. Karin maganar tana da ɗaci, mu kuwa ba ma son a yi wa yaro rowar yabo. Amma mu da ke tsaye gaban allo mun san yadda abin yake tafiya. Yarinya ta zo ta ɗaya a zangon farko, uba ya yanka kaza, gwaggo ta fara kiranta likita, a unguwa a riƙa nuna ta ana zagin sauran yara da ita. Zango na biyu ta zo ta huɗu cikin yara 50, wanda ba ƙaramin abu ba ne, sai ka ga ta cusa takardar sakamako cikin littafi, ta tsaya bakin aji bayan an tashi, ba ta son zuwa gida. Wasu har su fara satar amsa domin kada su kunyata masu yabonsu. An raɗa mata suna a rana ɗaya, an bar ta da biyan bashinsa. Abin da aka yi wa Emma ke nan, sai dai ita takardar sakamakonta a shafin farko na jarida ake buga ta.

A 2025 ta sami lafiyar yin wasa yawancin shekarar. A Wimbildon ta ka da Marketa Vondrousova, wadda ta ci kofin a 2023, sa'an nan ta yi gumurzu da Sabalenka, ta ɗaya a duniya, a babban fili da dare. An ci ta 7 da 6, 6 da 4, jama'a suka miƙe tsaye suna tafa mata tana fita. Ta rufe shekarar tana wajen ta 30 a duniya, ba ta ƙara wani kofi a kan na 2021 ba. Wajen ta 30 cikin dukan mata masu wannan sana'a, tana da shekara 23! Da ta hau can a hankali, matakala bayan matakala, da ba a ji gunagunin kowa ba.

A Niyu Yok kuwa sai da ta yi shekara 4 kafin ta sake cin wasa ko ɗaya. An fitar da ita a wasan farko a 2022, ba ta je ba a 2023, a 2024 Sofia Kenin ta fitar da ita a wasan farko, ta yi hawaye gaban 'yan jarida. Sai a Agustan 2025 ta ka da Ena Shibahara ta Japan, 6 da 1, 6 da 2, sa'an nan Janice Tjen ta Indunusiya, kafin Elena Rybakina ta tsai da ita a zagaye na uku. Su biyun da ta ka da ɗin nan, dukansu ta wasannin share fage suka shigo.